Ban iya rubuta manhaja ba, me zai kai ni taron masu fasaha?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na daɗe ina tunanin wata manhaja da za ta riƙa tuna wa masu ciwon suga lokacin shan magani da ranar komawa asibiti, amma ko layi ɗaya na manhaja ban iya rubutawa ba. An ba ni shawarar in je irin tarukan nan na ƙarshen mako da masu fasaha ke haɗuwa. Suna da amfani kuwa, ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Malama, ki je. Irinki ne ma ake nema a wurin. Masu rubuta manhaja sukan cika ɗaki, amma wanda ya san ciwon daga kusa shi ne ke wahalar samu.

Bari in fara da yadda abin yake gudana. Wanda ya fi shahara shi ne Startup Weekend, wanda aka fara a shekarar 2007 a garin Boulder na Amurka, kuma sa'o'i 54 ake yi. Ranar Juma'a da yamma ana ba duk mai tunani daƙiƙa 60 ya tashi ya faɗi abin da ya kawo. Sai mahalarta su kaɗa ƙuri'a, tunanin da ya karɓu a kafa masa ƙungiya. Asabar aiki, Lahadi da yamma a nuna wa alƙalai abin da aka haɗa. Akwai kuma wanda ake kira hakaton, inda aka fi mayar da hankali kan rubuta manhajar kanta. Ke na farkon ya fi dacewa da ke.

Ko abin kirki na fitowa daga ciki? Yana fitowa. A 2012 wani ɗan ƙasar Denmark mai lalurar gani, Hans Jørgen Wiberg, ya kai tunaninsa irin wannan taro a birnin Aarhus: makaho ya ɗaga wayarsa, wani ɗan sa-kai mai gani ya duba masa ta bidiyo, ya karanta masa abin da ke rubuce a jikin kwali. Daga nan aka samu Be My Eyes. Sai dai ki lura, manhajar ba ta fito ba sai a watan Janairun 2015. Kwana uku sun ba shi abokan aiki, ragowar tafiyar ta ci kusan shekara uku.

A nan ne yawanci ake yin tuntuɓe. Na taɓa zama cikin alƙalai a wani taro, muka ba wata ƙungiya lambar farko, aka yi tafi, aka ɗauki hotuna. Bayan wata biyu na leƙa zaurensu na WhatsApp, tsit kake ji. Kowa ya koma bakin aikinsa, kuma ba wanda ya ɗauki abin a matsayin nasa. Don haka kafin a watse ranar Lahadi, ki tsayar da ranar haɗuwa ta gaba, ku kuma rubuta a takarda wa ya mallaki abin da aka gina. Maganar na da nauyin faɗa a tsakanin sababbin abokai, amma ta fi sauƙi tun kuɗi bai shigo ba.

Tambayar da alƙalai za su yi miki, kuma ita ce ta raba kamfanin taimakon al'umma da ƙungiyar agaji, ita ce wa zai biya. Sau da yawa mai amfana daban, mai biya daban. Be My Eyes kyauta ce ga makafi, amma kamfanoni irin su Microsoft sun shigo suna amsa kiran abokan cinikinsu ta cikinta. A naki ɓangaren, ki yi tunanin asibiti, ko kantin magani, ko kamfanin inshorar lafiya.

Kafin ki tafi, ki zauna da marasa lafiya kamar goma ki tambaye su me ke hana su shan magani a kan lokaci. Wataƙila ki tarar ba mantuwa ba ce, kuɗin saye ne babu, ko kuma da yawansu ƙaramar waya suke riƙe da ita, saƙon tes ya wadatar. Ki zana fuskar manhajar da biro a takarda, ya isa.

Kada tsoron satar tunani ya rufe miki baki. Wanda ya ji daƙiƙa 60 bai kwashe shekarunki na aiki ba. Abin da za ki kiyaye sosai shi ne bayanan marasa lafiya. Kada ki ɗauki sunan kowa, ko lambar wayarsa, ko katin asibitinsa zuwa wurin. In ana buƙatar misali don gwaji, ku ƙirƙiri sunaye na bogi.