Da Me Aka Ƙera Allunan Sulu na Farko?

Tambaya: Na ga hoton wani tsohon allon sulu, wato siketbod, mai tayoyin ƙarfe, sai na yi mamakin yadda ake hawansa. Shin da waɗanne kaya aka ƙera na farko da suka shiga kasuwa, kuma me ya sa siffarsu ta bambanta da ta yanzu?

Amsa: Malam, abin da ka gani yana kama da allon da kamfanin Roller Derby na Amurka ya fitar a 1959, wanda ake ɗauka a matsayin na farko da masana'anta ta ƙera da yawa. Kafin nan yara ne ke cire tayoyin takalmin sulu, wato takalmi mai taya, su kafa su da ƙusa a jikin guntun katako, kuma kamfanin bai yi nisa da wannan dabara ba: katako ne shimfiɗaɗɗe, siriri, da tayoyin ƙarfe huɗu a ƙarƙashinsa.

A ganina, duk matsalar allunan farko tana wajen taya. Ƙarfe ba ya kama kwalta, ga ƙara, ga jijjigar da ke ratsa ƙafa, kuma ƙaramar tsakuwa ta isa ta tsayar da allo cak, mahayi ya kifa. A farkon shekarun 1960 aka koma ga tayoyin da ake kira na yumɓu, ko da yake ba yumɓu ba ne, haɗi ne na roba da takarda da niƙaƙƙen ɓawon 'ya'yan itacen walnat. Sun fi na ƙarfe laushi da riƙo, amma suna saurin cinyewa, kuma boris ɗinsu a buɗe yake, yashi na shiga, wani lokaci ma ƙwayoyin su zube a kan hanya. Shi ma ƙarfen da ke riƙe tayoyin daga takalmin sulu aka aro shi, saboda haka ba shi da faɗi, kuma wannan ne ya tilasta wa allon zama siriri.

Siffar katakon kuwa daga masu hawan igiyar ruwa na Kalifoniya ta fito. A 1963 Larry Stevenson ya fara ƙera allunan Makaha masu tsinin baki irin na allon teku, sannan a 1964 Hobie Alter ya haɗa hannu da kamfanin lemo na Vita-Pakt suka fitar da allunan Hobie. Yawancinsu katako ne tsantsa, amma kamfanin Gordon & Smith ya fito da Fibreflex, inda aka haɗa siririn itace da zaren gilashi kamar yadda ake yin bakan harbi, domin allon ya riƙa lanƙwasa. Babu ɗagaggiyar wutsiya a bayan allon a lokacin. Sai a 1969 Stevenson ya nemi rajistar wannan ƙirƙira.

Yawan faɗuwa da rauni ya sa wasu biranen Amurka suka hana hawa a tituna, kasuwar ta durƙushe a ƙarshen 1965. Ba ta farfaɗo sosai ba sai a farkon shekarun 1970, lokacin da Frank Nasworthy ya fitar da tayoyin allo masu suna Cadillac na robar yuretan, waɗanda ke kama ƙasa, suna kuma bi ta kan tsakuwa ba tare da sun cije ba. A 1975 tayoyin Road Rider suka zo da rufaffen boris, wanda ya magance shigar yashi.