Zaɓen jami'ar digiri na biyu a fannin zanen gine-gine

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shaharar jami'a ce abin da ya kamata ka fi dubawa. A ganina, ka fara tabbatar da cewa hukumar da ke tantance karatun fannin a ƙasar da kake son yin aiki, kamar NAAB a Amurka ko ARB a Birtaniya, ta amince da kwas ɗin, domin in babu amincewarta samun lasisi zai yi maka wuya. Daga nan ka nemi ayyukan kammalawa na ɗaliban bara, ka duba zanensu da samfuran kwali da katako da suka haɗa, sannan ka binciki yawan ɗaliban da malami ɗaya ke kula da su a ɗakin zane, saboda a nan hannun mutum yake faɗawa.