Amsa ga ɗan'uwanmu na Jega da ke neman furosesa mai sauƙin kuɗi

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce kana shirin buɗe shagon buga takardu da zanen katin aure a Jega, kana so a harhaɗa maka sabuwar kwamfutar tebur, kuma wani mai kaya ya yi maka tayin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai suna Core i7 a farashin da bai kai na Core i3 sabuwa ba, shi ne kake tambaya ko ka karɓa. Na fi shekara goma ina harhaɗa kwamfutoci da gyara su a nan Birnin Kebbi, kuma a wannan gaɓar ce na fi ganin mutanenmu suna asarar kuɗin da suka sha wahala kafin su tara, don haka ina roƙon ka dakata da biya har ka karanta wannan.

Sunan i3 da i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin zubi guda, ba ya nuna shekarun furosesa ko kaɗan. Abin da za ka duba shi ne lambar da ke biye da sunan. Idan aka rubuta i7-3770, wannan 3 ta farko tana nufin zubi na uku ne, wanda ya fito a 2012. Idan kuwa aka rubuta i3-12100, to 12 ɗin zubi na goma sha biyu ne, na farkon 2022. Dukansu biyun ƙwayoyin sarrafawa huɗu gare su, amma shekara goma ce a tsakaninsu, kuma ƙaramar ta yanzu ta yi wa babbar ta da nisa sosai a gudu, ga shi ta fi ta sauƙin shan wuta. Ina kyautata zaton i7 ɗin da aka yi maka tayi irin wannan tsohuwar ce, domin babu yadda za a yi i7 ta kwanan nan ta fi i3 araha. Akwai kuma wata matsalar da mai kaya ba lallai ya faɗa maka ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas a hukumance, kamar yadda a ɓangaren AMD, ɗaya kamfanin da ke ƙera furosesa, sai daga Ryzen 2000 zuwa sama. Mutumin da zai riƙa yi wa ɗalibai rajistar jarabawa da cike-ciken neman aiki a intanet, yana karɓar bayanan mutane kullum, bai kamata ya fara sana'arsa a kan injin da aka daina toshe wa ƙofofin ɓarayi ba.

Shawarata ita ce ka tsaya a tsakiya, ka nemi furosesa mai ƙwayoyi shida, mai cin wat 65, wadda ke da sashen nuna hoto a cikinta. Guda biyu ne na fi sa wa masu irin sana'arka, wato Ryzen 5 5600G ta AMD da Core i5-12400 ta Intel. Kowacce a cikinsu tana ɗaukar Word da Excel da CorelDRAW da Photoshop a buɗe lokaci guda ba tare da ta yi nauyi ba, kuma kowacce tana aiki da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki, nau'in DDR4. Ta AMD ta fi ƙarfi a ɓangaren hoto, ta Intel kuma ta ɗan fi sauri a aikin yau da kullum, sannan tana da wani sashe na musamman da ke saurin fitar da bidiyo, wanda zai yi maka amfani idan wata rana ka fara haɗa bidiyon biki. Bambancin bai kai a yi jayayya a kansa ba, duk wadda jimillar kuɗinta ta fi sauƙi a ranar da za ka saya, ita ce taka. Idan aljihu ya matse, i3-12100 ta ishi buga takardu da zanen kati, kuma ba zan ji nauyin sa wa kowa ita ba.

Na ce jimilla ne da gangan, domin furosesa ba ta tafiya ita kaɗai. Kowacce tana da mazaunin da ya dace da ita a kan madabod, wato babban falan da ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa: 5600G tana zama a kan AM4, ita kuma 12400 a kan LGA1700, kuma ko da ƙarfi ba za ka sa wannan a gurbin waccan ba. Saboda haka idan ka kira mai kaya a Kano ko Legas, kada ka tambaye shi kuɗin furosesa zalla, ka ce ya ba ka kuɗin furosesa da madabod da ram a haɗe, na AMD daban, na Intel daban, sai ka gwada. Madabod mai A520 ko B550 ta wadatar a ɓangaren AMD, ko da yake idan aka ba ka B450 sai ka tabbatar an sabunta mata BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod da ke tada injin, in ba haka ba tana iya ƙin gane 5600G. A ɓangaren Intel, H610 ta isa, amma ka lura akwai masu DDR4 akwai masu DDR5, kuma ba sa musaya. Akwai sabon mazaunin AMD mai suna AM5 da ya fito a 2022, wanda ke ba da damar canza furosesa nan gaba, sai dai DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma a ganina mai fara shago ya fi buƙatar wannan rarar a firinta da takarda. Ban ambaci farashi ba saboda yana bin dala, abin da na faɗa yau yana iya zama ƙarya jibi.

Harafin da ke ƙarshen lamba kuwa, ka sa masa ido kamar yadda kake duba kuɗi a kasuwa. Wani matashi ya taɓa zuwa shagona daga Argungu da kayansa a cikin kwali, ya ce ya haɗa komai, fanka tana juyawa, fitila tana kamawa, amma allo baƙi ƙirin. Ya riga ya mayar da allon an canza masa, ya sayi sabuwar waya, har ya fara zargin an sayar masa da madabod matacciya. Da na cire fankar na goge man da ke saman furosesar da tsumma, sai ga 12400F a rubuce. Wannan F ɗin yana nufin babu sashen hoto a cikinta, sai an sa mata katin hoto na daban kafin ta nuna komai. Ɗan ragin da ya samu a kanta bai kai ko kusa da kuɗin katin da ya zama dole ya saya ba, kuma na ga yadda jikinsa ya yi sanyi, domin da kuɗin da ya rage ne zai biya hayar shago. A ɓangaren AMD abin a juye yake: 5600 maras harafi ba ta da sashen hoto, mai G ce ke da shi. Mai K ta Intel kuma ta masu son ƙure gudu ce, kuma a zubi na goma sha biyu ba ta zuwa da fanka, daga wat 125 take farawa.

Wannan batun wat shi ne masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba sa damuwa da shi, mu kuwa a nan shi ne rabin lissafi. A watan Maris da Afrilu zafin garinmu yana wuce digiri 40, kuma iskar da ke cikin shago ita ce fanka za ta hura wa furosesa. Idan furosesa ta kusanci digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka tarar wanda ya sayi babba yana samun aikin ƙarama da tsakar rana. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda na sha cirowa daga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya furosesa kamar audugar katifa. Sannan ka yi lissafin batir, tunda na san a kan sola ko janareto za ka fi yin aiki. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wat 2400 na awa ɗaya a rubuce, kuma idan kana so ya daɗe, kusan rabi za ka riƙa sha. Injin da ke jan wat 100 har da allo zai kai ka wajen awa goma bayan an cire abin da infata ke ci, amma wanda ke jan 250 saboda babbar furosesa da katin hoto ba zai kai awa biyar ba. Wannan bambancin shi ne tsakanin ka sallami mai katin aure kafin magariba da ka ce masa ya dawo gobe.

Abin da ka rage a kan furosesa, ka zuba shi a wurare uku. Ka sa SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, domin yawancin nauyin da mutane ke ɗora wa furosesa laifinsa daga faifai yake. Ka sa ram gigabait 16, kuma ka karɓe shi sanda biyu na takwas-takwas, ba sanda ɗaya ba, saboda sashen hoton da ke cikin furosesa daga ram yake aro, kuma hanya biyu ta fi ɗaya ba shi sarari. Na ukun shi ne akwatin wuta mai nagarta, wato wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta, da UPS, na'urar da ke riƙe injin na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta. A duk shekarun da na yi a wannan aiki, furosesar da na ga ta mutu don kanta ba ta da yawa, amma madabod da akwatin wuta mai araha ya ƙona bayan an kawo wuta da ƙarfi, na daina ƙirgawa.

Ban hana ka sayen furosesa ta hannu ba, domin tana cikin kayan da suka fi jure aiki, amma da sharaɗi. Kada ka yarda da rubutun da ke kan murfinta ko kan kwali kaɗai, ka sa a kunna injin a gabanka, a buɗe manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, ka karanta cikakkiyar lambar da idonka. Idan ta AM4 ce, ka juya ta ka duba ƙananan alluran da ke ƙarƙashinta ko akwai wanda ya lanƙwashe. Idan ta Intel ce, alluran suna cikin mazaunin madabod, can za ka haska da fitilar waya. Ka tambaya kuma ko da fankarta take tafe, saboda waɗanda ake kawowa ba a cikin kwali ba galibi babu, sannan a rubuta maka garanti a kan rasit ko da na wata ɗaya ne.

Kafin ka tura wa mai i7 ɗin nan ko kwabo, ka ce ya turo maka cikakkiyar lambarta da sunan madabod ɗin da zai haɗa maka da ita, ka sa su a nan tare da adadin kuɗin da ka ware da girman batirin da kake da shi, ni kuma in sha Allahu zan duba maka su da dare bayan na rufe shago. Allah Ya sa albarka a cikin sana'ar.