Zanen matan Japan masu kimono: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga zanen wata 'yar Japan sanye da kimono, rigarsu ta gargajiya, a intanet. Mai shagon ya ce na asali ne tun zamanin Utamaro, kuɗinsa kuma bai kai na atamfa turmi biyu ba. A falo nake so in rataye shi. In saya? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Riƙe kuɗinki tukuna. Kitagawa Utamaro, shahararren mai zane na Japan, ya rasu a 1806, kuma abin da aka buga yana raye sai a gidajen tarihi da hannun manyan dillalai. Ba a samunsa a kuɗin atamfa.

Japanawa suna kiran wannan zane bijin-ga, wato hoton kyawawan mata. Irin na Utamaro bugu ne aka yi da katako: mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa, kowane launi da allonsa, sannan mai bugu ya ɗora takarda ya murje bayanta da wani faifai da ake kira baren. Bugu mai launuka da yawa ya kankama ne a 1765 a hannun Suzuki Harunobu. Har yau akwai masu wannan sana'a, irin su cibiyar Adachi da ke Tokyo, suna sassaƙa sababbin alluna suna sake buga tsofaffin zanuka da hannu, ba tare da sun ce tsoho ne ba. Da ni ce ke, irin wannan sabon bugun hannu zan saya.

Ki ce mai shagon ya turo miki hoton bayan takardar. Bugun hannu launinsa yana ɗan ratsowa ta baya, har ki ga sawun murza. Na inji bayansa fari fat, gabansa kuma ɗige-ɗige ne in kin ƙara girman hoton. Ba laifi ba ne a saye shi, in dai a kuɗin kalanda ne.

Ki duba rigar ma. Ɓangaren hagu na kimono ake ɗorawa a kan na dama, wuyan ya fito kamar harafin y. Akasin haka gawa ake yi wa, kuma masu bugun arha sukan juya hoto ba su sani ba. Ɗamarar nan mai faɗi, obi, in kin ga an ɗaure ta ta gaba da ƙaton ƙulli, galibi matar da aka zana karuwa ce ta Yoshiwara, unguwar karuwai a tsohon birnin Tokyo. Tunda falo ne da surukai ke shiga, gara ki sani tun yanzu. In kamun kai kike nema, duba aikin Uemura Shoen, 'yar Kyoto, mace ta farko da aka ba lambar yabon al'adu ta Japan a 1948. Ita da buroshi take zane, don haka galibi kwafin inji za ki samu.

In ya iso, a sa shi cikin gilashi, nesa da taga, domin rana tana cinye launin. Kada ki rataye shi a bangon da ke tsatsafo da damina.