Amsa: Ina zan fara zagayen filayen yaƙin 'yancin Amurka?

Ɗan'uwa, ka ce kwana uku kawai gare ka a Boston, kuma kana son ka ga inda Amurkawa suka gwabza da sojojin Ingila. To, kada ka ce sai ka leƙa ko'ina, wahala za ka sha a banza.

Fara da Lexington da Concord, ba su da nisa da gari. Can aka fara harbi ranar 19 ga Afrilu, 1775. Ka tsaya a kan gadar katako ta Concord, sannan ka taka hanyar da sojojin Ingila suka bi suna komawa Boston, manoma na harbinsu daga bayan katangun dutse. Da ƙafa za ka gane yadda aka yi, mota ba za ta nuna maka ba.

Washegari ka hau hasumiyar Bunker Hill da ke Boston, wadda aka gina don tunawa da gwabzawar da aka yi a wurin, matakala 294 ne, sai ka shirya gwiwoyinka.

Yorktown kuwa, inda Cornwallis, kwamandan sojojin Ingila, ya miƙa wuya a 1781 bayan Faransawa sun tare masa teku, tana can Virginia. Ka ware mata tafiyarta daban, ka je a lokacin kaka, domin zafin wurin da rani yana da tsanani.