Amsa ga ɗan'uwanmu mai lambun kankana a Garwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ciyawa ta rufe maka kankana, kana so ka fesa magani, amma maƙwabcinka ya ɗaura amya a kan bishiyar tsamiya kusa da kai. To, in dai kankanar ta fara fure, ajiye famfon feshin nan tukuna.

Ni na yi wannan kuskuren a lambuna na bakin Binuwai. Wani mai shago ya ce in haɗa maganin ciyawa da na ƙwarin auduga a famfo ɗaya, wai jifa ɗaya tsuntsu biyu. Na fesa gefen fangali da hantsi, daidai lokacin da ƙudan zuma ke kan aiki. Washegari na tarar da su zube a bakin kwatar ruwa, wasu na ta juyi a ƙasa, sun kasa tashi. Kankanar da ta biyo baya kuwa duk karkatacciya, gefe ɗaya a tsuke. Furen kankana da sassafe yake buɗewa, kwana ɗaya kacal yake yi, kuma sai ƙudan zuma ya sauka a kan furen mace sau da yawa kafin ɗa ya cika sosai.

Gaskiya na ƙwarin ne ya yi kisan. Amma shi ma gilifoset, maganin ciyawar da masu noman muskuwari (dawar rani) ke fesawa a karal, wato ƙasar laka, ba tsarkakakke ba ne: wani bincike na jami'ar Texas a Amurka a 2018 ya nuna yana ɓata ƙwayoyin bakteriya da ke taimaka wa ƙudan zuma a hanjinsa. Kuma in ya taɓa ganyen kankanarka, ita ma zai iya lalata ta.

Yanzu abin da nake yi: ina ban ruwa kwana goma kafin shuka, ciyawa ta tsiro, in kankare ta da fartanya tun tana jaririya. Bayan kankana ta kama ƙasa sai in yi noma ɗaya, in shimfiɗa karan dawa ko bambaron shinkafa mai kauri. Da yaɗo ya rufe ƙasa, rabin aikin ya ƙare. A dai riƙa duba gara a ƙarƙashin shimfiɗar.

Aya-aya da kiri-kiri su ne 'yan taurin kai. Kada ka sassara kiri-kiri ka bar shi a wurin, kowane guntu sai ya zama sabon tushe. Tono za ka yi, ka kwashe har saiwa da 'ya'yan aya-ayar, ka baza a rana.

Ciyawar bakin shinge mai fure kuwa ƙyale ta, ka yanke da lauje kafin ta zuba iri. In feshi ya zama dole, a yi shi dab da magariba, ba iska, ka kuma sanar da mai amyar tun da wuri.

Turo mana hoton ciyawar, mu ga wacce ce ta fi yawa.