Taler ɗina na Saksoni ya yi baƙi, in wanke shi?

Tambaya: Malam, na sayi taler, wato wani tsohon babban kuɗin azurfa, a kasuwar gwanjo a Jamus, na shekarar 1645, da hoton Johann Georg a jiki. Ina son bin salsalar gidansu, amma kuɗin ya yi baƙi, rubutun gefe da kyar yake karantuwa. Wani dillali ya ce in jiƙa shi a lemon tsami in dirje da toka. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ajiye lemon nan.

Salsalar ba ta da wuya. Johann Georg na Ɗaya ne, ya mulki ƙasar Saksoni da ke Jamus daga 1611 zuwa 1656, ɗan gidan Wettin. Gidan ya rabu biyu a Leipzig a 1485, reshen Ernst da reshen Albrecht. Shi jinin Albrecht ne, reshen da ya karɓe kujerar zaɓen Kaisar, wato babban sarkin Jamus, a 1547 bayan yaƙin Mühlberg. Takubba biyu da suka gitta juna a tambarin baya alamar wannan kujerar ce. Sai dai kada ka ɗauki kowace garkuwa a tambarin a matsayin ƙasar da suka mulka. Za ka ga sunayen ƙasashen Jülich da Kleve da Berg a cikin laƙabinsa, alhali da'awar gado ce kawai. Sarakunan Brandenburg da Pfalz-Neuburg ne suka raba ƙasashen a 1614.

Yanzu maganar wanki, wadda kullum sai an kawo mini ita, har na gaji. Baƙin nan ba datti ba ne. Fatar azurfar ce da kanta ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, a hankali, shekara kusan 380. In ka cire shi, azurfa ka cire. Tsami yana cin fuskar kuɗin, toka kuma yashi ce mai laushi, tana barin ƙananan zane da ido ba ya gani sai an sa madubin ƙara girma. Duk mai saye na gaske da madubin yake zuwa. Yana juya kuɗin a ƙarƙashin fitila zai ga layukan suna walƙiya, ya rubuta "an goge" a takardarsa, farashi ya faɗi, kuma babu maƙerin da zai mayar da abin da ya tafi.

Na san inda ɗabi'ar ta samo mu. Kakanninmu mata sun riƙa goge liyari mai hoton Maria Theresa, a liƙa masa kunne a rataya a wuya. Wannan ado ne, kuma liyarin har yau ana buga shi da shekarar 1780, bai yi ƙaranci ba. Naka ba a sake buga shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai, kai salsala kake bi, kuma shaidarka tana cikin abubuwan da dirza ke fara cinyewa. Duba bayan kuɗin da kyau. A taler ɗin da aka buga a Dresden, babban birnin Saksoni, a wannan shekara akwai ƙananan haruffa C da R da ɗan ƙwallon itacen oak, alamar Constantin Rothe, shugaban maƙerar kuɗin tun 1640. Da irin wannan ƙaramar alama ake gane inda aka buga kuɗi, da ita ake kama jabu. Dillalin da ya ce ka dirje, ko dai bai san sana'arsa ba, ko kuwa yana jira ka lalata ya saya da araha. Na ga kuɗaɗen da aka yi wa haka, gashin sarki ya baje, takubban sun koma kamar sanduna, mai shi yana murna wai ya yi fes.

Ga abin yi. Riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar. Kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe ƙasa-ƙasa, haruffan za su taso da inuwarsu. Auna shi a sikelin masu gwal: ya kamata ya kusanci giram 29. In ya gaza sosai, ka turo mini hoton fuska biyun da na gefensa kafin ka koma wurin mai sayarwar.